Gajiya, Kuskuren Ɗan Adam da Kiyaye Haɗari a Sufurin Jiragen Sama: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya saba karanta rahotannin binciken haɗurran jiragen sama zai lura cewa da wuya a rasa hannun mutum a cikinsu, ko na matuƙi, ko na jami'in hasumiya, ko na injiniyan da ya gyara jirgin, ko kuma na wanda ya zauna a ofis ya tsara jadawalin aiki. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma harkar jirgin sama ta daɗe da amincewa da haka. Tambayoyin da ke biye sun shafi yadda ake tsara aiki domin kada gajiyar mutum ɗaya ko kuskurensa su kai ga asarar rayuka.

Me ake nufi da gajiya a harkar jirgin sama?

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, mai hedikwata a birnin Montreal na ƙasar Kanada, tana kallon gajiya a matsayin wani yanayi na jiki da ke rage wa mutum ƙarfin tunani ko ƙarfin aiki, har ya kasa sauke nauyin da ke kansa yadda ya kamata. Ta danganta ta da abubuwa huɗu: ƙarancin barci, daɗewa a farke, saɓa wa agogon jiki, da nauyin aiki. Yawancin manya suna buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara a kowane dare, kuma wanda yake samun awa biyar kacal dare bayan dare yana tara bashin barci wanda hutun dare ɗaya ba ya biya.

A shekarar 1997 wasu masu bincike biyu a ƙasar Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutane suka gano cewa wanda ya yi awa 17 a farke aikinsa yana raguwa daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, idan kuma ya kai awa 24 sai abin ya yi daidai da kashi 0.10. Babu kamfanin da zai bar matuƙi ya hau jirgi da barasa haka a jikinsa, amma an shafe shekaru ana barin gajiyayyen matuƙi ya hau ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Me ya sa ake yawan ambaton lokacin da ke tsakanin ƙarfe 2 na dare da 6 na safe?

A wannan tsakanin ne agogon jiki ke kaiwa ƙasa: zafin jiki yana sauka, hankali yana dusashewa, barci kuma yana matsa wa mutum ko da ya huta da rana. Abin lura shi ne jiki yana bin agogon inda ya saba kwana, ba ya bin agogon filin jirgin da aka sauka. A daren 7 ga Yuli, 2017, wani jirgin Air Canada da ya taso daga Toronto ya nufi sauka a San Faransisko gab da ƙarfe 12 na dare, sai matuƙan suka saita shi a kan hanyar da jirage ke bi su jera, a maimakon titin sauka, alhali jirage huɗu cike da fasinjoji suna tsaye a kanta. Jirgin ya sauko har kimanin ƙafa 60 daga ƙasa kafin ya sake tashi. A agogon jikin matuƙan, lokacin ya yi daidai da ƙarfe 3 na dare a Toronto, kuma kyaftin ɗin ya haura awa 19 a farke.

Shin matuƙi ba zai iya gane cewa ya gaji ya kame kansa ba?

Wannan ita ce babbar matsalar. Gajiya tana fara lalata sashen tunanin da mutum zai auna kansa da shi, don haka gajiyayye yakan ɗauka lafiyarsa lau alhali ya fara jinkirin amsawa, yana tsallake matakai, yana kafe hankalinsa a kan abu ɗaya yana mance sauran. Akwai kuma gyangyaɗin daƙiƙoƙi kaɗan da ke ɗauke mutum idonsa a buɗe, bai ma san ya faru ba. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. A watan Fabrairun 2008 matuƙa biyu na wani jirgin fasinja a Hawaii suka yi barci tare da hantsi har suka wuce filin jirgin Hilo, daga baya aka gano kyaftin ɗin yana fama da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci wanda ba a taɓa gano masa ba. A watan Janairun 2024 irin haka ta faru da jirgin Batik Air a Indonesiya, inda matuƙan biyu suka yi barci na kimanin minti 28. Mataimakin yana da jarirai tagwaye 'yan wata ɗaya a gida, bai samu barcin kirki ba a daren da ya gabata.

An taɓa samun haɗarin da masu bincike suka ce gajiya ce sanadinsa?

An samu. A ranar 18 ga Agusta, 1993, wani jirgin dakon kaya samfurin DC-8 ya faɗi yayin sauka a Guantanamo da ke Kyuba. Ma'aikatansa uku sun tsira da munanan raunuka, kuma bincike ya nuna kyaftin ɗin ya kusa awa 24 a farke. Wannan ne karo na farko da hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta sanya gajiya a matsayin sanadin faɗuwar babban jirgi.

Sai dai tabbatar da gajiya yana da wuya, domin ba ta barin alama a jini kamar barasa. Masu bincike sai sun koma baya sun bi kwanakin matuƙin ɗaya bayan ɗaya: yaushe ya kwanta, ina ya kwana, yaushe ya taɓa wayarsa. Haka aka yi bayan faɗuwar jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo na Amurka a ranar 12 ga Fabrairu, 2009, wanda ya halaka mutum 50. An gano mataimakiyar matuƙin ta kwana tana tafiya daga Seattle a yammacin Amurka zuwa Newark a gabashinta domin ta kama aiki, kyaftin ɗin kuma ya kwana a ɗakin hutun ma'aikata na filin jirgi. Hukumar ta ɗora sanadin faɗuwar a kan yadda kyaftin ya mayar da martani ga gargaɗin raguwar gudun jirgi, ta kuma ce akwai yiwuwar gajiya ta rage musu ƙwazo. Iyalan waɗanda suka rasu ne suka matsa wa majalisar dokokin Amurka lamba har aka sauya doka.

Wace iyaka doka ta sanya wa awannin aiki?

Kowace ƙasa da nata tsarin, amma duk suna tafiya a kan ƙa'idojin ICAO. A Amurka, dokar da ta fara aiki a watan Janairun 2014 ta wajabta hutun awa 10 kafin matuƙin jirgin fasinja ya kama aiki, a ciki kuma dole ya samu damar barcin awa 8 ba katsewa. Idan matuƙa biyu ne kawai, tsawon aikin yini yana tsakanin awa 9 da 14, gwargwadon lokacin da aka fara da yawan sauka da tashi, sannan dole a ba shi awa 30 a jere babu aiki a kowane mako. A Tarayyar Turai, aikin yini bai wuce awa 13 a asali, tuƙi bai wuce awa 100 cikin kwana 28 ko awa 900 a shekara, aiki gaba ɗaya kuma bai wuce awa 60 cikin kwana bakwai.

Dokar Amurka ta bar matuƙan jiragen dakon kaya a waje, duk da cewa su ne suka fi kowa aikin dare. Wannan gibi ne da ke da wuyar karewa, domin jikin matuƙi bai san ko mutane ya ɗauko ko kwalaye ba, kuma samaniya ɗaya suke bi da jiragen fasinja. A watan Agustan 2013 jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi da asuba a Birmingham ta jihar Alabama, matuƙansa biyu suka rasu, kuma an ambaci gajiya a cikin abubuwan da suka taimaka.

Idan akwai doka, me ya kawo buƙatar wani tsari na musamman na kula da gajiya?

Doka tana ƙirga awanni ne, ba ta ƙirga barci. Jadawali zai iya cika kowane sharaɗi amma ya zama mai galabaitarwa, misali a tashi mutum ƙarfe 4 na asuba kwana huɗu a jere sannan a juya shi aikin dare. Shi ya sa a shekarar 2011 ICAO ta amince da tsarin kula da haɗarin gajiya, wanda ke ba kamfani damar tattara bayanai a kan matuƙansa: rahotannin da suke rubutawa da kansu, na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu tana auna barci, gwajin saurin amsawa, da manhajojin kwamfuta masu hasashen inda jadawali zai fi gajiyar da mutum. Da waɗannan ake gyara hanyoyi, a ƙara matuƙi a wata tafiya, ko a sauya masaukin da hayaniya ke hana barci.

Nauyin a raba yake. Kamfani shi ke ba da lokacin hutu, matuƙi kuma shi ke da alhakin ya yi barci a cikinsa. Tsarin yana da amfani ne kawai a inda hukuma ke sa ido sosai, domin kamfanin da ba ya tsoron kowa zai iya mayar da shi hanyar tsawaita aiki da sunan kimiyya.

Gaskiya ne ana barin matuƙi ya yi barci a kujerarsa jirgi yana tafiya?

A wasu ƙasashe, kamar Kanada da Ostireliya da ƙasashen Turai, an yarda da haka bisa sharuɗɗa. Amurka ba ta yarda ba. Tushen abin wani bincike ne na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, a farkon shekarun 1990, inda aka ba matuƙan dogon zango damar hutun minti 40, suka yi barcin kimanin minti 26, aka kuma ga sun fi waɗanda ba su huta ba kuzari a lokacin sauka. Sharuɗɗan su ne mutum ɗaya ne zai kwanta a lokaci guda, a tsakiyar tafiya inda aiki ya yi sauƙi, barcin kada ya wuce kimanin minti 40, sannan a ba shi lokacin wartsakewa kafin ya taɓa komai.

Dalilin taƙaita shi shi ne magagi. Wanda ya nutse cikin barci mai nauyi yakan farka a ruɗe. A watan Janairun 2011, mataimakin matuƙin wani jirgin Air Canada mai zuwa Zurich ya yi barcin minti 75, da ya farka sai ya ɗauki tauraruwa Zara a matsayin fitilar jirgi, sannan ya zaci wani jirgin soja da ke ƙasa da su zai afka musu, ya danna jirgin ƙasa da ƙarfi, mutum 16 suka ji rauni. Na Mangalore a Indiya ya fi muni: a ranar 22 ga Mayu, 2010, na'urar naɗar murya ta ɗauki minsharin kyaftin na tsawon lokaci, ya farka gab da sauka, ya ƙi jin mataimakinsa da ya yi ta cewa a fasa sauka a sake zagayowa, jirgin ya zarce ƙarshen titi, mutum 158 suka rasu. A tafiye-tafiye masu nisa sosai ana ɗaukar matuƙa uku ko huɗu, kuma akwai gadaje a wani keɓaɓɓen wuri inda suke hutawa bi da bi.

Kofi ba ya maganin gajiya?

Yana ɗaga kuzari na 'yan awanni, kuma yana da amfani idan an sha shi a kan lokaci, amma ba ya biyan bashin barci. Wanda ya sha shi gab da lokacin kwanciya yana ɓata hutun da zai dogara da shi gobe.

Idan an ce kuskuren matuƙi ne, ba shi ke nan an gano sanadi ba?

Nan ne bincike ya kamata ya fara. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan jirgin yaƙi samfurin B-17 sun yi ta janye ƙafafun jirgi bayan sun sauka, ana ta rubuta kuskuren matuƙi, har wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya lura cewa makunnin ƙafafu da na fiffiken rage gudu iri ɗaya ne kuma suna dab da juna. Aka maƙala wa ɗaya 'yar taya, ɗayan kuma aka ba shi siffar fiffike, sai matsalar ta kau.

Farfesa James Reason na Jami'ar Manchester ya bayyana abin da cewa kariya hawa-hawa ce, kowane hawa kuma yana da huji, haɗari yana faruwa ne ranar da hujojin suka daidaita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar takan daɗe a wurin kafin ranar. A ranar 10 ga Yuni, 1990, gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fice a sama, iska ta fizgi kyaftin har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka a Southampton, kuma ya rayu. Bincike ya nuna 84 daga cikin ƙusoshi 90 da aka ɗaure gilashin da su sun yi siriri. Wanda ya sa su ƙwararre ne, amma da tsakar dare ya yi aikin, da ido ya zaɓo su a wurin da babu isasshen haske, ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma tsarin bai wajabta wani ya sake duba aikinsa ba. Da an kore shi kawai an yi shiru, da duk waɗannan tsagogi suna nan suna jiran na gaba.

Me ya sa ake koya wa matuƙa yadda za su yi magana da juna?

Saboda an yi asarar jirage masu lafiya a dalilin shirun na ƙasa da taurin kan na sama. A ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen Boeing 747 guda biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan mamata. Kyaftin ɗin KLM babban mai horar da matuƙa ne a kamfaninsa, yana cikin damuwar kada awannin aikinsu su ƙare su maƙale a tsibirin, sai ya fara gudun tashi ba tare da izini ba. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, maganar ta mutu a nan. A watan Disambar 1978 kuma jirgin United Airlines ya yi ta zagaye a saman Portland kusan awa guda ana duba matsalar ƙafa har mai ya ƙare, mutum 10 suka rasu, alhali sauran ma'aikatan sun ga man yana raguwa amma ba su faɗa da ƙarfin da ya dace ba.

Daga nan aka fito da horon aiki tare a ɗakin tuƙi, wanda United ta fara a 1981. Ana koya wa kyaftin ya nemi shawara ya kuma saurara, ana koya wa mataimaki ya faɗi damuwarsa a fili, ya maimaita, idan ta kama ya karɓi tuƙi. Girmama na gaba abu ne mai kyau, amma a ɗakin tuƙi kunyar da ke hana faɗin gaskiya tana kashe mutane. A watan Yulin 1989, lokacin da jirgin DC-10 na United ya rasa duk hanyoyin sarrafa shi, Kyaftin Al Haynes ya karɓi taimakon wani mai horar da matuƙa da ke cikin fasinjoji, suka lallaɓa jirgin da ƙarfin injuna kawai har Sioux City, inda fiye da mutum 180 daga cikin 296 suka tsira.

Mene ne amfanin jerin abubuwan dubawa ga wanda ya ƙware?

Ƙwarewa ba ta hana mantuwa. A 1935 sabon jirgin gwaji na Boeing ya faɗi a Ohio a hannun ƙwararrun matuƙa saboda an mance cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafawa, daga nan jerin dubawa ya samo asali. Haka nan tun 1981 dokar Amurka ta hana hirar da ba ta aiki ba a ɗakin tuƙi yayin tashi da sauka da duk abin da ke ƙasa da ƙafa 10,000.

Na'urorin tuƙi na zamani ba su kawar da kuskure ba?

Sun rage shi ƙwarai, musamman na'urar gargaɗin tunkarar ƙasa da kuma na'urar hana karo a sama, amma sun zo da nasu. Mutum ba gwani ba ne wajen zura wa na'ura ido na awanni, kuma hannun da ya daɗe bai yi tuƙi ba yana sanyi. A ranar 1 ga Yuni, 2009, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudun jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris, na'urar tuƙi ta saki jirgin da tsakar dare a saman teku, matuƙan suka ruɗe suka ɗaga hancinsa har ya daina ɗaukar iska, mutum 228 suka rasu. Tun daga nan aka ƙara horo a kan tuƙi da hannu da farfaɗo da jirgin da ya kuɓuce.

Matuƙa kaɗai abin ya shafa?

A'a. A daren 1 ga Yuli, 2002, jirage biyu suka yi karo a saman Überlingen a kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu, yawancinsu yara. Jami'i ɗaya ne ke kula da kujeru biyu a cibiyar kula da zirga-zirgar jirage ta Zurich domin abokin aikinsa ya tafi hutu kamar yadda aka saba yi da dare, ana kuma gyaran na'urori, layin waya ba ya aiki. Injiniyoyi su ma yawancin aikinsu da dare ne, lokacin da jirage ke ƙasa, kuma a ƙasashe da dama iyakar awanninsu ba ta kai ta matuƙa tsauri ba. A 1993 Gordon Dupont na hukumar sufurin Kanada ya lissafa abubuwa 12 da ke jefa injiniya cikin kuskure, daga ciki akwai gajiya, matsin lamba, katse mutum yana tsakiyar aiki, da sabo da yin abu ba bisa ƙa'ida ba.

Me ya sa ba a hukunta duk wanda ya yi kuskure?

Domin wanda ya san za a hukunta shi ɓoyewa zai yi, abin da aka ɓoye kuma ba ya gyaruwa. A ranar 1 ga Disamba, 1974, jirgin TWA ya daki wani tsauni a jihar Virginia ta Amurka bayan matuƙansa sun yi wa umarnin sauka da aka ba su gurguwar fahimta, mutum 92 suka rasu. Sai daga baya aka ji cewa makonni shida kafin nan wani jirgin United ya kusa dukan tsaunin saboda irin wannan rashin fahimtar umarni, kuma an sanar a cikin kamfanin, amma labarin bai isa sauran kamfanoni ba. Wannan ne ya haifar da tsarin kai rahoto a asirce na 1976, wanda aka damƙa wa NASA domin ita ba ta da ikon hukunta kowa. Ƙa'idar ICAO ma ta fayyace cewa manufar binciken haɗari ita ce hana aukuwar wani, ba ɗora laifi ba.

Wannan ba ya nufin an yafe komai. Ana bambanta kuskuren da mutum ya yi yana iya ƙoƙarinsa da ganganci, kamar shan barasa kafin aiki ko sa hannu a kan gyaran da ba a yi ba. Na biyun yana da hukunci.

Ta yaya kamfani ke auna haɗarin da bai faru ba tukuna?

Tun 2013 ICAO ta tattara ƙa'idojin kula da kiyaye haɗari a kundi guda. Ana bin kowace barazana da tambaya biyu: yaya yiwuwar faruwarta take, kuma idan ta faru yaya muninta zai kasance. Abin da ya yi nauyi ta ɓangarorin biyu ba a tashi da shi sai an rage shi. Bayanan suna fitowa daga rahotannin ma'aikata, daga masu lura da ke zama a ɗakin tuƙi ba don jarrabawa ba, da kuma na'urorin jirgi da ake sauke bayanansu bayan tafiya, inda za a iya ganin cewa a wani fili ana yawan sauka da gudu fiye da kima, ko kuma kurakurai suna ƙaruwa a zango na huɗu na yini.

Me ya kamata ya faru idan matuƙi ya ce ya gaji ba zai iya tashi ba?

Doka ta hana matuƙi kama aiki idan ya san bai dace ba, a Amurka ma sai ya tabbatar da dacewarsa kafin kowace tafiya. Abin da ya kamata shi ne a cire shi daga jadawali nan take, a kira na jiran ko-ta-kwana, ya rubuta rahoto, sannan kwamitin da ya haɗa wakilan matuƙa da na kamfani ya duba ko jadawalin ne da laifi, ko masauki, ko wani hali na gida ko na rashin lafiya da ke buƙatar taimako. Inda ake yanke masa albashi, ko a kira shi ofis a titsiye shi, ko a jinkirta masa ƙarin girma, rahotannin gajiya za su ragu a takarda, matuƙan kuma za su ci gaba da hawa jirgi a gajiye. Wannan ya fi tsanani ga matuƙan da ake biya gwargwadon awannin da suka tashi ko waɗanda ke kan kwantiragin wucin gadi, shi ya sa mai binciken hukuma da ya tarar da kamfani mai yawan aikin dare amma babu rahoton gajiya ko ɗaya a fayil ɗinsa ya kamata ya zauna da matuƙan su kaɗai ya tambaye su dalili.